Wa ya san aikin da Farfesa Grace Alele-Williams ta yi kafin ta zama shugabar jami'a?

Malamar Aji Huɗu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano, aji huɗu nake riƙe da shi, yaran sun haura tamanin. Digirina na farko a fannin koyar da lissafi na yi shi, yanzu kuma ina son in koma in yi na biyu a fannin dai. Da na kai maganar gida sai kawuna, wanda injiniya ne kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya ce idan lissafi nake so in je in yi lissafin gaske, idan kuwa koyarwa nake so ai ga ni ina yi, to mene ne kuma wani bincike a kan koyar da lissafi? Ya ce wannan fanni ne na waɗanda lissafi ya gagara suka nemi mafaka. Raina ya sosu, amma ban iya ba shi amsa ba, kun san ba a musu da kawu.

Wani malaminmu na jami'a ya taɓa ce mana mace ta farko a Najeriya da ta sami digirin digirgir a wannan fannin ta same shi, wato Grace Alele-Williams. Na duba a intanet, duk inda na buɗe magana biyu ce ake maimaitawa: ta sami digirin a 1963, ta zama shugabar Jami'ar Benin a 1985, mace ta farko da ta riƙe jami'a a ƙasar nan. To tsakanin 1963 da 1985 fa? Shekara ashirin da biyu ke nan, me take yi a cikinsu? Ni wannan ɓangaren nake so, domin shi ne aikin da nake neman shiga. Mai binciken koyar da lissafi, idan ya tashi da safe, ina yake zuwa, me yake dubawa? Kuma aikin yana kaiwa ga yaro irin nawa da ke zaune a ƙasa da guntun fensir, ko a kan kantar littattafai takardun suke ƙarewa? Duk wanda ya sani ya taimaka mini, musamman iyayenmu da suka koyar a wancan zamani.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam 'yata. Jikana ne ya karanta mini tambayarki, shi ne kuma yake buga wannan amsa, domin idanuna sun daina jituwa da ƙananan haruffan waya.

Ban taɓa ganin matar nan ido da ido ba, amma aikinta ya zo har cikin ajina, domin ina cikin malaman da aka miƙa wa lissafin zamani, wanda muke kira modan mas, aka ce mu koyar. Bari in faro miki daga tushe.

A 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurkawa ya tashi, suka ce an bar su a baya, suka ɗora wani kaso na laifin a kan yadda ake koya wa yaransu lissafi. Manyan malaman jami'a suka zauna suka tsara sabuwar manhaja, a rage hadda, a nuna wa yaro dalilin kowane mataki. Guguwar ta iso Afirka. Daga 1962 aka riƙa tara masana lissafi na Amurka da na ƙasashen Afirka masu aiki da Turanci, irin su Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Kenya, a garin Entebbe na ƙasar Yuganda, suna rubuta littattafai lokacin dogon hutu. Shi ya sa ake ce masa lissafin Entebbe. Wani farfesa na jami'ar MIT mai suna Ted Martin shi ne jagoran shirin.

Ita kuwa an haife ta a Warri a 1932. Ta yi Queen's College ta Legas, ta karanta lissafi tsantsa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta gama a 1954. Wannan sai ki ajiye wa kawunki, cikin ladabi, cewa lissafin bai gagare ta ba. Ta koya wa 'yan mata lissafi a Queen's School da ke Ede wajen shekara uku, daga nan ta wuce Amurka, ta fara da Jami'ar Vermont, ta ƙarasa a Chicago. Tana dawowa ta faɗa cikin aikin Entebbe, kuma ba ta bar tarukansa ba sai 1975. Ta ɗan zauna a Ibadan, a 1965 ta koma Jami'ar Legas, a can ta yi shekara ashirin, a can ta zama farfesa, ta kuma riƙe Cibiyar Ilimi ta jami'ar. Tana cikin na kan gaba wajen gwada sababbin littattafan a firamaren Legas, tare da horar da malaman da za su koyar da su. Ga amsar shekarun da kike tambaya.

Yanzu ga yadda abin ya same mu. Mu a ƙauyen da nake ya iso mana a makare, kuma littafi ne ya iso, mai bayani bai biyo shi ba. Aka yi mana ɗan kwas na hutu, aka ce mu koma mu fara. Akwai darasin rukuni, a zana da'ira a allo a zuba awaki uku a ciki, a zana wata a zuba tumaki, a tambayi yaro abin da ya haɗa su. Ni da marafan kwalba da 'ya'yan tsamiya nake yi a ƙasa, yara suna jin daɗinsa ƙwarai. Akwai kuma ƙirga da biyar-biyar maimakon goma-goma, kuma wannan shi ya jawo mini Alhaji.

Alhajin nan fataucin goro yake yi, bai yi boko ba, amma ba a cutarsa ko anini. Ya shigo makaranta da littafin ɗansa a hannu, ya buɗe mini shafi. Yaron ya rubuta huɗu a tara da uku, ya ba da amsa 12, ni kuma na ja masa maki da jan biro. Ya ce, "Malam, kai ne ba ka iya ba, ko yaron kake so ka haukata mini?" Na ba shi kujera. Na ce, "Alhaji, kwabo takwas da kwabo bakwai, a tsohon kuɗi, nawa ke nan?" Bai ko numfasa ba ya ce sule da taro, wato sule ɗaya da kwabo uku. Na ce to ka ga ɗaya da uku ka faɗa, ba ka ce sha biyar ba, saboda kwabo goma sha biyu ke cika sule. Shi ma yaron biyar ɗaya ya cika, biyu suka rage, shi ne ya rubuta ɗaya da biyu. Alhaji ya yi shiru yana kallon shafin. Can ya ce, "Na gane. Amma gwamnati da kanta ta kashe fam da sulen nan tun 1973, ta kawo naira, ta mai da komai goma-goma don mutane su huta. Ku kuma sai yanzu kuke koya wa yaro ƙirgar da babu ita a kasuwa? Ni dai ka koya masa ya ba da canji." Har ya fita ban sami abin ce masa ba, kuma har yau ina ganin maganarsa da nauyi.

Ni na iya kare darasin domin ina son lissafi tun ina kwalejin horon malamai. Abokan aikina da yawa karanta littafin kawai suke yi wa yara, su kwafe a allo, yara su haddace. Abin da aka kawo don a kashe hadda sai ya zama sabuwar hadda, wadda ma ba ta ba da canji. Ana cikin haka UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ta zo a 1976, yara suka cika makarantu maƙil, aka ɗebo malamai da gajeren horo aka zuba su a aji. An ɗora wa jaki kayan raƙumi. A watan Janairun 1977, a wani taro a Benin, kwamishinan ilimi na tarayya Kanar Ahmadu Ali ya sanar da soke lissafin zamani. A rediyo muka ji. Ki lura, a Benin ɗin da aka binne aikin da ta yi wa hidima fiye da shekara goma, a nan aka naɗa ta shugabar jami'a bayan shekara takwas.

A ganina littattafan ba su da laifi, malami ne ba a shirya ba. Kuma idan kin bi sawunta za ki ga wajen malamin ta fi karkata. A 1974 ta fitar da littafin jagora ga malamai kan lissafin zamani. Da ta riƙe Cibiyar Ilimi ta buɗe kwasa-kwasan da ba na digiri ba, domin matan da suka daɗe suna koyarwa a firamare ba tare da cikakkiyar takarda ba su dawo su ƙaro ilimi su sami shaida. Wannan ba ya shiga jarida kamar kujerar shugabar jami'a, amma ni shi na fi girmama mata. Ta rasu a watan Maris na 2022 tana da shekara 89.

Lakcara daga Zariya:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Labarin Alhaji mai goro zan nemi izininka in riƙa ba ɗalibaina. Sai dai ka yi mini afuwa, ban tafi tare da kai ba a kan cewa littattafan ba su da laifi. A Amurka ai malamansu sun fi namu horo, azuzuwansu ba su cika irin namu ba, amma can ma abin ya faɗi, zuwa tsakiyar shekarun 1970 iyaye suna ta kiran a koma wa tarawa da ɗebewa. Waɗanda suka tsara manhajar masana lissafi ne na jami'a. Sun dubi yadda lissafi yake a tsare a kan wanda ya riga ya iya shi, suka ɗauka a haka zai shiga kan ɗan shekara bakwai. Wannan faɗuwar tana cikin abubuwan da suka sa fanninmu ya tsaya da ƙafarsa, aka gane cewa sanin lissafi daban, sanin yadda yaro yake ɗaukarsa daban, kuma na biyun ma sai an bincika.

Ƙanwata, kin tambayi me muke dubawa. Gobe ki rubuta 52 a ɗebe 38 a allo, ki karɓi littattafan. Ina kyautata zaton za ki sami yara da dama da suka rubuta 26. Malami zai ja jan biro ya ce yaron daƙiƙi ne. Mai bincike zai tambaya me ya sa 26 ɗin dai suke ta samu, ba 25 ko 30 ba. Sai ki ga yaron yana da doka a kansa: a kowane layi yana cire ƙaramin adadi daga babba, uku daga biyar saura biyu, biyu daga takwas saura shida. Ba da ka yake yi ba, dokar yake bi da gaskiya, kuma wataƙila daga bakin malami ya ɗauke ta ranar da aka ce masa ba a cire babba daga ƙarami. An daɗe da gano wannan kuskure a ƙasashe daban-daban. Idan kin san dokar da yaro yake bi, gyaran na minti kaɗan ne. Idan ba ki sani ba, sai ki ba shi lissafi hamsin ya ƙara ƙwarewa a kan kuskurensa.

Ga wani da zai yi miki kusa. A 1985 wasu masu bincike uku, Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, suka wallafa aikin da suka yi da yara 'yan talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun je a matsayin masu saye. Wani yaro yana sayar da kwakwa 35 kowace ɗaya, aka ce guda goma nawa. Ya ce uku 105, da wasu uku 210, ya ci gaba a haka har ya kai 350. A wajen ciniki yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin. Da aka ba su lissafin iri ɗaya a takarda, tsurar lambobi, sai suka dawo wajen kashi 37. Yara biyar ne kacal a binciken, amma har yau ana ambatonsa. Ke kuma a ajinki na tabbata akwai masu tallan gyaɗa da awara da rake fiye da biyar.

Gaskiyar aikin kuma ga ta. Albashin lakcara ne, kin san yadda yake. Za ki koyar da ɗalibai masu yawa, ki bi su makarantu lokacin gwajin koyarwa, ki nemi wallafa a mujallu irin Abacus ta ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa. Abin da ke ba ni haushi a fanninmu shi ne yawancin kundayen digiri na biyu kamanninsu ɗaya: a raba yara gida biyu, a koya wa ɗaya da wata sabuwar dabara na 'yan makonni, a yi jarrabawa, a ce dabarar ta yi nasara. Kullum tana yin nasara, abin mamaki, amma makarantu suna nan yadda suke. Idan irin wannan za ki zo yi, kawunki yana da 'yar hujja.

Tsohon Ɗan Ƙungiya:

Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malamin lissafi ba ne. Kada a ba yarinyar nan rabin tarihi. Zamanin Alele-Williams a Benin zamanin soja ne, kuma ba a rabu lafiya tsakaninta da ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ba. A lokacinta aka kori Festus Iyayi daga aiki, alhali shi ne shugaban ƙungiyar na ƙasa, har maganar ta kai kotu. Masu yabonta suna cewa ta sami jami'ar cikin rikici da 'yan ƙungiyar asiri, ta kuma tsaya tsayin daka. Mu da muke ɗaya ɓangaren muna da namu karatun. Ban ce a rage mata komai a aikin lissafi ba, amma duk mai son ya ɗauke ta abin koyi ya san akwai wannan babin.

Ɗan Maraɗi:

Sannunku. Mu ma a Nijar guguwar ta same mu, sai dai ta hanyar Faransa ta biyo, inda kwamitin wani masani mai suna Lichnerowicz ya sauya manhaja a ƙarshen shekarun 1960. Yayyenmu sun sha da'irori da kibiyoyi a allo.

Abin da Malamar Zariya ta faɗa na 'yan talla shi ya sa na yi magana. A nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. Idan mai tumatir ta ce dala ashirin, a kan kuɗin 100 za ka gani a rubuce. Dala ɗari ita ce 500, jikka kuma 1000. Yarinya 'yar shekara takwas tana juya wannan a kanta yini guda, tana ninkawa da biyar tana rabawa da biyar, ba ta kuskure. Ta shiga aji a tambaye ta da Faransanci ashirin sau biyar, sai ta sunkuyar da kai. Na koyar a firamare kafin in koma kasuwa, kuma ranar da na fara cewa "dala nawa ke nan" a cikin darasi, yaran da ake zaton ba su san komai ba su suka riga kowa ɗaga hannu.

Malamar Aji Huɗu:

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, a gaida jikan da ya yi mana rubutu. Anti, na gwada 52 a ɗebe 38. Masu 26 sun fi yadda na zata yawa, har da wata yarinya da ke sayar da ƙosai a ƙofar makaranta. Da aka tashi na kira ta na ce idan cinikinta naira 520 ne ta biya bashin mai 380, nawa ya rage. Ta ɗan motsa yatsu ta ce 140. Na tambaye ta yadda ta yi, ta ce daga 380 ta cika zuwa 400, sannan ta hau zuwa 520.

Ga wata tambayar. Ni da Hausa nake yi musu bayani, littafi da jarrabawa kuma da Turanci suke. Wannan zai iya zama abin bincike a digiri na biyu, ko za a ce ya fita daga lissafi ya koma fannin harshe?

Lakcara daga Zariya:

Bai fita ba ko kaɗan. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, inda aka koya wa yara darussan firamare da Yarabanci shekara shida, har da lissafi. A Afirka ta Kudu kuma Mamokgethi Phakeng a kan wannan ta gina sunanta, yadda malami da yara suke sauya harshe a cikin darasin lissafi, ita ma daga baya ta zama shugabar Jami'ar Cape Town a 2018. A ɓangaren Hausa filin yana da faɗi, masu shiga aji su zauna su saurara ba su da yawa.

Amma kada ki jira sai an ba ki gurbi. Ki sami littafi guda ki riƙa rubuta irin abin da mai ƙosai ta gaya miki, da kalmominta, da kwanan wata. Ki ba yara lissafi ɗaya ta hanya uku, da baki cikin Hausa a sigar ciniki, da Turanci a rubuce, da kuma tsurar lambobi, ki ajiye amsoshin kowane yaro a jere. Idan za ki ɗauki murya da waya, ki fara neman izinin hedimasta da na iyaye, kuma kada sunan yaro ya fito a takarda, lamba za ki ba kowa. Kafin ƙarshen zango ki turo mini abin da kika tara ta akwatin saƙo, mu ga ko zai tsaya a matsayin shawarar bincike.